Gaisuwa Daga Tarauni

Ranar Talata da safe na'urar Tarauni ta yi sallama, alhali Yohanna ya ce yana Kagoro wajen jinyar mahaifiyarsa.

Isyaku ya ƙura wa kwamfutarsa ido. Tun shekarar da sojoji suka koma bariki suka haɗa jari shi da Yohanna, suka buɗe shagon intanet biyu, nasa a Gyadi-Gyadi, na abokin a Tarauni. Kowane shago da rautarsa, akwatin da ke nuna wa saƙo hanya. Rautoci kuwa sun fi mutane zumunci, bini-bini sai sun gaisa, kowacce ta faɗi lambarta. Wadda ta yi shiru, a ɗauka ta mutu.

Ta Tarauni ta yi shiru tun ranar da Yohanna ya kulle shago ya kawo makulli, Isyaku ya rataye shi a ƙusa. Yau ga lambarta ɓaro-ɓaro.

Akwati dai ba ya kunna kansa. Wato mutumin yana gari, yana cin kasuwa shi kaɗai!

Abin ya tsaya wa Isyaku a rai. Ko rautar gwanjon da ƙaninsa Tanko ya sayar masa ranar Litinin, wai daga Legas, bai sake bi ta kanta ba. Tana nan jone a ƙarƙashin tebur, tana jiran ya goge tsohon saitinta. Ya zauna gadi. Yana tayar da janareta, Tarauni ta gaishe shi. Yana kashewa, ta ɓace. Har lokacin buɗewarsa munafukin ya haddace.

Ranar Alhamis ya kira Esther, matar Yohanna.

"Madam, ki gaya wa maigidanki asirinsa ya tonu. Na fasa tarayyar, kowa ya kama gabansa."

"Haba Malam Isyaku, Mama fa ko magana ba ta yi..."

Ya kashe wayar, ya ciro makullin, ya hau acaɓa.

Kwaɗon shagon lafiya lau. Janareta a sanyaye, kujeru sun yi ƙura. A kan kanta kuwa, inda rautar take zama, sai wayoyi suna reto.

Ya koma Gyadi-Gyadi, ya tarar lambar Tarauni tana ta gaisuwa abinta. Ya daɗe yana kallon ƙusar makullin nan da ke kusa da kujerar da Tanko yake zama.

Sannan ya durƙusa ƙarƙashin tebur, ya zare wayar akwatin da ƙaninsa ya sayar masa, ba a jima ba Tarauni ta yi shiru.