Sashen Ɗakin Tambayoyi

Mako na uku ke nan kwamitin gyaran shari'a a birnin Asunción yana kan sashe ɗaya: yadda 'yan sanda za su yi wa wanda ake tuhuma tambayoyi. Don Fulgencio Ozuna ne ya hana a wuce gaba.

Tsoho ne, kuma ba lauya ba ne. Nidia, lauyar da ke rubuta daftarin, abin da aka gaya mata kawai shi ne ya san ɗakunan da ake tsare mutane a zamanin mulkin kama-karya.

"A rubuta dole ɗakin ya kasance da taga," in ji shi. "Ban da bahon dulmiya kan mutum a ciki. Ban da rediyo."

Wani alƙali ya yi dariya. "Haba dattijo, rediyo kuma me ya yi?"

"Ƙure shi ake yi, don kada maƙwabta su ji."

Dariyar ta tsaya.

Ya nemi a haramta ɗaure wa mutum ido. Ya nemi likita ya duba tafin ƙafa da bayan kunne, ba ƙirji kaɗai ba. Da aka kawo shawarar a bar 'yan sanda da wanda ake tuhuma awa shida kafin lauya ya iso, tsohon ya buga teburi.

"Minti arba'in ya isa mutum ya amsa laifin kashe uwarsa, alhali tana gida tana girki."

Wani lokaci sai a ga leɓunansa suna motsi. Nidia ta taɓa matsawa kusa, ta ji sunayen mutane yake jerawa, har da ranakun da aka shigo da su.

A ƙarshen teburin Doña Petrona Aquino take zama, wakiliyar waɗanda suka fito da rai daga waɗancan ɗakunan. Ba ta yarda ta haɗa ido da tsohon. In ya fara magana sai ta rufe ido, ta damƙe jakarta. In kofin tereré, shayin ganye mai sanyi da ake sha a kofi ɗaya, ya zagayo daga hannunsa, sai ta ce ta ƙoshi.

Ranar Juma'a sashen ya wuce da duk sharuɗɗansa. Tsohon ya ɗauki hularsa ya fita, bai yi wa kowa sallama ba.

Nidia ta cim ma Petrona a kan matakala.

"Inna, wannan bawan Allah ya sha wuya. Tare aka tsare ku?"

"Ni na roƙa a kawo shi, 'yata. Duk ƙasar nan ba wanda ya san ramukan da za a toshe kamarsa."

"Ashe kin san shi tun can."

"Fuskarsa sai bana na gani, a can idona a ɗaure yake." Petrona ta kama ƙarfen matakalar, ta sauka taki ɗaya. "Muryarsa na sani. Wata huɗu shi yake yi mini tambayoyin."