Jiƙon Inna

Robar maganin ta suɓuce daga ƙarƙashin filon mai jego daidai lokacin da surukarta ta shigo da ƙwaryar jiƙo, ta gangara har gaban tsohuwar.

Mai jegon ta bi robar da kallo. Tun da awon ciki ya nuna tana da cuta mai karya garkuwar jiki, ita da mijinta suke shan ƙwayar nan kullum, kuma duk unguwar Limawa ba wanda ya sani. A asibiti an ja mata kunne kada ta tsallake rana, kada ta haɗa da saiwa ko sassaƙe sai ta tambaya. Ga shi tsohuwar ta taso takanas daga Buji da sassaƙenta. In ta ƙi sha, me za ta ce? In ta sha, yaya jaririn da take shayarwa?

Tsohuwar ta ɗauki robar ta jujjuya. Ba ta karatu, amma ta daɗe tana kallonta.

"Inna, na ƙarin jini ne," in ji mai jegon.

Tsohuwar ta fita ta tuttular da jiƙon a gindin darbejiya, ta dawo ta zauna a bakin gado. Sai ta zaro roba irin ta sak daga lalitarta.

"Ƙarin jini ko? To ni tun kafin a kawo ki gidan nan nake ƙara nawa. Kin dai sha na yau, 'yar nan?"