Koren Katako

Tun da aka hana sare bishiya, koren katako da aka jiƙa da maganin gara na jan ƙarfe kaɗai ya rage a kasuwa. Lantana ta kai wa mijinta Ɗanjuma kafinta kunu, ta tarar ya cire takunkumi yana goga sanfefa, yana hure ƙurar da baki yadda mahaifinsa ya koya masa. Ya yi tari, ya tofar da koren kaki.

"Baban Zilai, ina takunkumin?"

"Da shi zan hure? Wannan katakon na rufe kabarin abokin aikina Isiyaku ne. Gara ba ta cin irin wannan."

A gefe ta hango wasu katakan, daidai na kabari guda, an goge su sumul an jingine.

"Waɗancan fa, na wa?"

Ya sunkuyar da kai, ya kurɓi kunun.