Ƙarƙashin Baƙar Mota

"Mama, motar Turai ba ta sauka da kanta," in ji mai gareji. "Gangancin ɗanki ne."

Tsohuwa ta dubi baƙar motar da ta murƙushe ƙafar ɗanta. Daga gadon asibiti ya gaya mata komai: balan-balan ɗin iskar da ke ɗauke da motar yoyo yake yi, maigidansa kuma, mai garejin nan, ya hana a tokare ta da jak, wai ɓata lokaci ne.

"To shiga ƙarƙashinta ka kwanta," in ji ta. "Ina jira."

Mai gareji bai motsa ba. Makanikai suka ajiye sifana.

Sai ta jefar da sandarta, ta durƙusa, ta cusa kai ƙarƙashin motar.

Ya fizgo ta da ƙarfi. "Fito, Mama! Iskar ba ta riƙewa!"

Ta ɗago ta dube shi.

"Maimaita, su ji."