Hujin Tiyo

Hamar iska ta daina cin dutse a ƙasan ramin zinare, sai tari take yi. Mai ramin ya ɗauko bakanike daga Anka.

Bakanike ya duba injin iska, lafiya lau. Aka jawo hamar sama, ya ba ta mai, ya sauya mata baki, aka mayar, ba ta canza ba. Sai ya sa roba a aljihu don ɗaure inda ke yoyo, ya kama igiya, yana bin tiyon da ke kai wa hamar iska da hannu har ƙasa, inda numfashi ke gagarar mutum.

Can ya ji hucin iska. Huji ne tsaf, aikin wuƙa. Mahaƙa uku sun kewaye hujin, suna kai hanci bi da bi don su sami numfashi. Suka dubi bakanike.

Da ya fito, mai ramin ya tare shi.

"Mi ka gani?"

"Zurfi na, Alhaji. Iyakar ƙarfin hamar ke nan."

Ya hau babur, robar tana nan a aljihunsa.