Jan Hatimi a Kan Rahotona

Darakta ya buga jan hatimi a kan rahotona, ya miƙo mini hannu.

"Aiki ya yi kyau, Dakta. Daga yau ya zama sirrin gwamnati."

Shekara biyu na yi ina auna gubar da ke tsiyaya daga masana'antar surukin minista zuwa rijiyoyin unguwarmu. Na nemi kwafi ɗaya. Sakatariya ta ce sai mai mataki na sha biyar zai karanta. Ni ina sha biyu.

A gida na kasa zama. Matata ta ɗebo ruwa a kofi, autarmu na jan zaninta.

"Baban yara, in ba ta?"

"Matsayina bai kai in sani ba," na ce, na karɓe kofin na zubar.