Matar da ke Fere Dankali

Fitilun silimar Paris suna kamawa, wani ɗan jarida ya tare matar mai fim ɗin.

"Madam, minti bakwai mijinki ya bar kyamara a bayan wata mace tana fere dankali. Me marigayin yake nufi?"

Ina ta sani? Shekara talatin suna tare, ba ta taɓa gane fim ɗinsa ba. Shi ma, a ganinta, bai taɓa dubanta da kyau ba.

"Ɗana, ku ne masu ilimi. Ni dai na ga matar tana ɓarnar dankali."

Sai ta tuna. Facin da ke kafaɗar rigar matar, ita ta ɗinka shi, a jikinta rigar ta tsufa.

Ashe ranar mijin yana tsaye a bayanta da kyamara, ba ta waiwaya ba.